Bindiga Mai Baki Biyu, Ƙaramin Kalibar: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini a Garwa

Da aka raba gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yayyena suka ɗauki gona da rumfar kasuwa, ni kuma bindigarsa ta faɗo cikin rabona tare da wasu 'yan shanu. Kalibar 20 ce, baki biyu a jere, ƙirar Saint-Étienne ta ƙasar Faransa. Tun daga lokacin na shiga karance-karance a kanta, har labari ya bazu cewa akwai wani a Hausare da ya iya karanta hatiman da ke jikin tsofaffin bindigogi. Yanzu da wuya wata ya wuce wani bai yi sallama da abu naɗe cikin tsohon zane ba. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda.

Me ake nufi da baki biyu a jere?

Bututu biyu ne kwance kafaɗa da kafaɗa, dama da hagu, saɓanin wadda aka ɗora ɗaya bisa ɗaya. Yawancin tsofaffin kunama biyu gare su. Ta gaba tana tayar da bututun dama, wanda bakinsa ya fi buɗewa don tsuntsun da ya tashi kusa. Ta baya tana tayar da na hagu, wanda aka ɗan matse bakinsa don ƙwayoyin dalma su tafi a dunƙule su cimma wanda ya yi nisa.

Malam, me ya sa kalibar 20 ta fi 12 ƙanƙanta, alhali 20 ya fi 12 yawa?

Lissafin mutanen da ne. A ɗauki dalma mai nauyin laba ɗaya ta Ingila, wajen giram 454, a raba ta dunƙule-dunƙule daidai wa daida. In an raba 12, kowane dunƙule zai cika bututun kalibar 12, faɗinsa wajen milimita 18.5. In an raba 20 dunƙulen ya ragu, bututun ya koma milimita 15.6. Kalibar 16 tana wajen 16.8, 28 kuma wajen 14. Ita .410 ba ta cikin wannan lissafi, awon inci ne kai tsaye, wajen milimita 10.4.

In an ce ƙaramin kalibar, ana nufin 20 da 28 da .410, wasu su haɗa da 16. A nan Arewacin Kamaru 12 ce sarauniya, ita ce a hannun kowane maharbi. Ta 16 Faransawa sun so ta ƙwarai, don haka tana nan jefi-jefi a gidajen tsofaffin ma'aikata da sarakuna. Kalibar 28 kuwa, a duk shekarun nan sau biyu na taɓa riƙe ta.

Alhaji, ta gado ce, kuma ba na harbi da ita. Dole sai na yi mata takarda?

Dole. Wannan na sa a gaba domin shi mutane suka fi raina wa. Dokar da ke kula da makamai a Kamaru ita ce mai lamba 2016/015 ta ranar 14 ga Disamba 2016. Ta kasa makamai rukuni takwas, bindigar farauta tana rukuni na biyar, tsofaffin makamai na ajiyar tarihi suna na takwas. Kada ka zauna a zaurenka ka yanke cewa taka ta tarihi ce don ta girmi mahaifinka. Hukuma ce ke faɗin rukuninta, kuma bindigar da ke cin harsashin da ake sayarwa yau, bindiga ce mai rai.

Izinin saye da riƙewa daga ma'aikatar mulkin cikin gida yake fitowa, MINAT, kuma da sunan mutum ɗaya ake rubuta shi. Takardar da Baba ya bari ta Baba ce, ba ta bin bindiga zuwa hannun ɗa. Ka je ofishin sufurefe na yankinka da tsohuwar takardar da shaidar rasuwa da ta gado, ka bayyana abin da ke hannunka, su nuna maka matakan da za ka bi. Akwai zirga-zirga, akwai jira, ba zan ɓoye maka ba. Amma a yankin da ake fama da masu satar mutane da 'yan fashin daji, jandarma ya sami bindiga marar takarda a ƙarƙashin gadonka, ba zai tsaya sauraron tarihin kakanka ba. Hukuncin ɗauri ne da tara.

Izinin farauta kuma dabam yake, na ma'aikatar gandun daji da namun jeji ne, MINFOF.

Ta yaya zan san inda aka ƙera ta?

Ka tabbatar babu harsashi a ciki. Ka cire katakon gaba, ka murɗa makullin sama, ka raba bututun da uwar bindigar. Ka juya bututun, a ƙasansu daf da gindi akwai wuri shimfiɗaɗɗe, nan labarin yake. Ƙasashen Turai suna da gidajen gwaji inda ake harba kowace bindiga da harsashi mai ƙarfi fiye da kima, in ta jure a buga mata hatimi. Na Birmingham tun 1813 yake aiki.

In ka ga haruffa ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai, ta Liège ce ta Beljiyam, kuma in da kambi a saman ƙwan to daga 1893 zuwa gaba aka gwada ta. Zaki bisa haruffa PV shaida ce an gwada ta da albarushin zamani marar hayaƙi. Ta Faransa za ka ga sunan St Etienne da ganyen dabino a gicciye, PT kuma na nuna albarushin zamani. Ta Ingila ana rubuta mata NITRO PROOF ko BNP. Lambar 65 ko 70 da ke kusa tsawon ɗakin harsashi ne a milimita, zan dawo kanta.

A nan aka fi cin karo da kayan Manufrance, kamfanin Saint-Étienne da aka kafa a 1885, wanda a da yake aika kaya ta gidan waya har ƙasashen da Faransa ta mulka. Robust ɗinsu mai baki biyu ta fito a 1913, Idéal ta girme ta, Simplex kuwa mai baki ɗaya ce. Akwai Darne, ita ma ta Saint-Étienne, wadda ba ta karyewa a tsakiya kamar sauran: bututunta a tsaye suke, bayan ne ake janyowa ya zame. Wani ya taɓa kawo mini ita yana cewa ta ƙage ta ƙi buɗewa, ashe shekara da shekaru yana ƙoƙarin karya abin da ba a yi shi don ya karye ba. Sai na Eibar ta Sifen kamar AyA, da na Suhl ta Jamus, da Baikal ta Rasha, wadda jaka ce wajen aiki amma ba ta cikin abin da masu tarawa ke nema.

Nawa za ta yi a kasuwa?

Yawanci ƙasa da abin da kake zato. Mutum ya ji cewa sabuwar Purdey ko Holland & Holland ta Landan ta haura fam dubu 100 na Ingila, sai ya dubi ta kakansa ido ya yi ja. Liège kaɗai ta ƙera bindigogi masu araha ba iyaka ta cika duniya da su, wasu ma an rubuta musu sunaye masu kama da na manyan maƙeran Ingila don a ruɗi mai saye. Abin da ke sa daraja shi ne sunan maƙeri na gaske, da lafiyar bututu, da kasancewar lambar jiki ɗaya a bututu da uwa da katakon gaba, sai kuma cewa ba a taɓa ta ba. Ƙaramin kalibar yana ƙara kuɗi domin kaɗan aka ƙera: bindiga biyu maƙeri ɗaya, zamani ɗaya, ta 28 ta fi ta 12 tsada nesa. Sayarwa kuma sai ga wanda ke riƙe da izinin saye, ta hannun hukuma.

Ta yi shekara talatin a rataye. Zan iya harba ta?

Kada ka yi gaggawa, yatsun hannunka na hagu a kan bututun suke zama. Ga abin da nake yi in an kawo mini.

Ina ɗaga bututun in leƙa ta ciki wajen haske. Cikin lafiyayye kamar madubi yake, zoben haske yana tafiya sumul. In na ga ramuka irin na zanzana, tsatsa ta ci ƙarfe. In zoben ya karye a wani wuri, akwai lotsawa ko kumburi. Sai in bi bayan da yatsa a hankali, domin yatsa na jin abin da ido ya tsallake.

Daga nan in rataye bututun a yatsa ɗaya ta ƙugiyarsu, in ɗan ƙwanƙwasa da bayan farce ko fensir. Lafiyayyu suna amsawa kamar ƙararrawa, sautin ya daɗe. In suka ce ƙwas kamar fasasshiyar ƙwarya, ƙarfen da ke tsakaninsu ya ɗaye. Da kuza da dalma aka liƙe shi, kuma in ya ɗaye ruwa na shiga ƙarƙashi ya ci bututun daga inda ba ka gani.

Sai in mayar da bututun kan uwa ba tare da katakon gaba ba, in rufe, in riƙe ƙota in girgiza. Bai kamata a ji motsi ko kaɗan ba. In tana kaf-kaf, ko ana hango haske tsakanin gindin bututu da fuskar uwa, gwiwarta ta saki. Gyaruwa take yi a hannun wanda ya sani, amma ba da guduma ba, ba da walda ba.

In kuma ka ga jikin bututun da zane kamar igiyar ruwa ko murɗaɗɗen rawani, wannan damas ne, ƙarfe da baƙin ƙarfe aka murɗa aka naɗe aka dake. Kyau kam ba a magana. Amma yawancinsu don baƙin albarushi aka yi su, kuma tsatsa tana ɓuya cikin gaɓoɓin naɗin. Ni shawarata a irin wannan ƙasa tamu da babu gidan gwaji, ta ado ce, a bar ta ta huta.

Harsashin ya shiga lafiya lau, bindigar ta rufu. Me ya rage?

A nan ne mutane ke cutuwa. Tsawon da aka rubuta a kwalin harsashi, 65 ko 70 ko 76, tsawonsa ne bayan an harba bakinsa ya buɗe. Kafin a harba ya fi haka gajarta, shi ya sa harsashin 70 ke shiga ɗakin 65 salin-alin. Da ka ja kunama, bakinsa ba ya samun wurin buɗewa sai cikin maƙogwaron bututu, matsi ya ƙaru a kan ƙarfen da ya riga ya tsufa. Tsofaffin bindigogin Turai da yawa 65 ne, har da tawa, harsashin da ke shaguna yanzu kuwa galibi 70 ne. Ka karanta hatimi, ka sayi daidai da shi ko ƙasa da shi. In babu, a haƙura.

Harsashi mai ƙwayoyin ƙarfe maimakon dalma shi ma ba na tsohuwar bindiga ba ne. Wadda aka gwada dominsa tana ɗauke da hatimin fure mai kunne uku.

Abu na uku, ga mai bindiga biyu. Harsashin 20 in ya faɗa cikin bututun 12 yana zarcewa ya maƙale a gaba, ɗakin ya zama kamar babu komai. Mutum ya ɗauka ya manta bai ɗura ba, ya sa na 12 a baya ya harba, bututu ya tarwatse. Haka na 28 ke yi cikin 20. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke yin na 20 ruwan ɗorawa. Kada ka taɓa haɗa iri biyu a aljihu ɗaya.

Wane mai zan shafa mata? Kakana man gyaɗa yake sawa.

Allah ya jiƙan kaka, amma man gyaɗa da man ja da man kaɗe duk suna daskarewa su zama danƙo, su kama allura da sifirin. Baƙin man mota kuma datti ne. In ka sami man bindiga na gwangwani, madalla. In babu, man keken ɗinki ya wadatar. Ɗigo biyu a tsumma mai laushi, a shafe ƙarfe har ya yi sheƙi kawai, ba ya naso ba. A gwiwa da ƙugiyoyi a ɗan taɓa giris kamar ƙwayar gero.

Bayan kowane harbi, ranar nan ba gobe ba, a tura tsumma cikin bututu da sandar katako ko ta tagulla daga gindi zuwa baki har ya fito fari, sannan a bi da mai kaɗan. Kafin harbi na gaba a share man.

Yawan mai ya kashe ƙota fiye da rashinsa. In ka jingine bindiga baki sama, man yana gangarowa ya shige katako inda ya haɗu da ƙarfe, wurin ya yi baƙi ya yi laushi, wata rana ya tsage. Ka ajiye ta baki ƙasa. Katakon kuwa ba ya son man ƙarfe sam, ɗigon man lin da masu fenti ke sayarwa ya ishe shi, a murza da tafin hannu sau ɗaya ko biyu a shekara.

Hunturu ko damina, wanne ya fi ɓarna?

Kowanne da irin tasa. Katakon ƙotar na bishiyar ƙasar sanyi ne, bai san hunturunmu ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska tana tsotse shi ya tsuke, sukurori su saki, ƙura kuma ta haɗu da mai ta zama kamar toka mai cin ƙarfe. A watan Maris da Afrilu, da zafin Garwa ke wuce digiri 40, kada ka bar ta cikin mota a rufe, kada ka rataye ta daf da rufin kwano. Rana kuma tana cinye launin shuɗi-shuɗi da ruwan ƙasa da ke jikin uwar bindiga, wanda in ya tafi ya tafi ke nan.

Damina kuwa ni ta koya wa hankali. Shekarar farko da bindigar ta zo hannuna na sa wani baduku ya ɗinka mata kube na jar fata, da tuntaye da komai, abin gwanin sha'awa. Na zura ta ciki a watan Yuni na ɗora bisa kabad. Ban waiwaye ta ba sai bayan an yi girbi. Da na zaro ta, shatin yatsuna huɗu na nan ja wur a kan bututun hagu, daidai inda na riƙe ta ranar da na ajiye. Gumin hannuna da laimar Agusta da jemammiyar fata suka haɗa kai. Na goge da mai da tsumma har kwana uku, jan ya fita, amma tabon yana nan har yau, duk wanda ya karkata ta wajen haske zai ga yatsuna. Kube na tafiya ne. A gida a bar ta ta sha iska cikin kabad mai makulli, nesa da bango da ƙasa saboda laima da gara, a duba ta duk Juma'a biyu in ruwa ya sauka.

Ta koɗe ta yi fari-fari. In kai ta a goge a yi mata fenti?

Don Allah kar ka kai. Wani ɗan'uwanmu ya kai tasa, 16 ce mai zanen ganye a jiki, wurin wani mai gyara a bayan kasuwa. Mutumin ya bi ta da sanfefa har zanen ya shafe, hatiman suka dushe, ya fesa mata baƙin fentin babur, ya shafa wa ƙota banish mai ƙyalli kamar ƙofar shago. Ya kuma kwance sukurorin da abin da bai dace da bakinsu ba, duk ya tauna su. Ɗan'uwan ya kawo mini yana murna, na rasa ta inda zan fara. Furfurar tsohuwar bindiga ita ce darajarta, masu tarawa ita suke saye. Ko a Turai, bututun da aka liƙe da kuza ba a tsoma shi cikin tafasasshen maganin baƙi, domin yana cin liƙin. Da sannu ake rina shi, shafi bayan shafi, kwana da kwanaki.

Me za a iya farauta da ƙaramin kalibar?

Tsuntsaye da ƙananan dabbobi: fakara, hasbiya, kurciya, zomo, zabon daji in bai yi nisa ba. Kalibar 20 tana jefa dalma giram 24 zuwa 28, ta 28 wajen giram 21, alhali 12 tana kai 32 zuwa 36. Daɗinta rashin nauyi, ba ta kai kilo 3 ba, ka yini da ita a fadamun Binuwai kafaɗa ba ta yi tsami ba. Ƙwaya lamba 6 ko 7 ta isa yawancin tsuntsaye, zabo kuwa mai taurin rai ne, ya fi son 4 ko 5. Abin da ya wuce taku 35 ka bar shi ya tafi, raunata shi kawai za ka yi. Masu ba yaro .410 wai don ƙarama ce sun yi kuskure, ƙwayoyinta kaɗan ne, sai gwani ke samu da ita.

Ma'aikatar gandun daji ce ke shelar buɗe farauta da rufe ta kowace shekara, a rani ake buɗewa. Dabbobi an kasa su aji A da B da C, na A ba a taɓa su ko kaɗan. Gandun Benuwe da Faro da Buba Njida da Waza kuwa ko da takarda ba a shiga da bindiga.

Gidana cike yake da yara. Yaya zan yi?

Bindiga a kabad mai makulli, harsashi a wani akwati dabam mai nasa makullin, mabuɗan a jikinka. Ni har katakon gaba nake cirewa in ɓoye a wani ɗaki. Duk wanda ka miƙa wa, miƙa ta a karye yana ganin cikin bututu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan ya fizgi hannunsa. Wannan ya haɗa da wasa, ya haɗa da hoton da samari ke ɗauka don Facebook.

Kawu, zan iya kai ta Yola ko Njamena wurin ɗan'uwana?

Takardarka ta Kamaru a bakin iyaka take ƙarewa. Ko gadar Kusiri ce, ko hanyar Yola, sai da izinin fitarwa daga nan da na shigarwa daga can.

Zan iya buga ta ranar hawan sallah, kamar yadda 'yan bindigar Lamiɗo ke yi?

A'a. Su bindigar toka suke bugawa, albarushi ne zalla babu dalma, kuma aikinsu ne da fada ta san da shi. Taka harsashi mai ƙwaya take ci, abin da ka harba sama kuma sai ya sauko a kan wani. Kada kuma ka bari wani ya farke maka harsashi ya zubar da ƙwayar ya cusa albarushin toka da tsumma. Baƙin albarushi yana barin gishiri mai jawo laima, kafin ka gama gaisuwar sallah ka dawo gida cikin bututun ya fara ja.